Gurbi Biyu a Gaban Sunan Sha'aibu

Apapa, Legas
9 ga Nuwamba

Ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da Baffa Abdulganiyu da iyalinsa. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mini ta daina leƙa rumbu da kanta. Ban yarda ba, amma na ji. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin Legas da shekara uku ke nan ban saba da shi ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na san halinka, in na kira sai ka buɗe murya ka zauna kusa da Inna, duk abin da na faɗa ku ji tare. Wannan maganar kuwa ba ta kunnenta ba ce. Ukasha direba zai ajiye maka ita wurin mai shayin nan na Kwanar Dangora, kai ma ka riƙa ba shi amsa.

Baturen da ke sayen waken suyar ƙungiyarku ya ƙara sharaɗi bana. Da, taswirar gona ta ishe shi, ya ga ba daji aka sare ba. Yanzu so yake kowane manomi ya tsaya a cikin gonarsa a ɗauke shi hoto da manhajar da ke wayar ƙungiya. Ita manhajar za ta gwada fuskarsa da tsohon hotonsa na rajista, ta duba inda yake tsaye. In komai ya dace, gonar ta koma kore a kwamfutata, ni kuma in danna amincewa. Sai duk gona talatin da bakwai sun yi kore takardar kwantena za ta fito. Mu shida ne a kamfanin nan, ba lauya ba kowa. Manhajar ce ma'aikaciyarmu ta bakwai, kuma ta fi oga taurin kai. Tunda kai ne magatakarda, aikin hoton naka ne.

Bari in yi maka 'yar fankama. Na ce da masu manhajar manomanmu ba sa karanta saƙo, a riƙa kiransu da Hausa. Suka ce to wa zai yi muryar? Ni suka zaunar, na karanta jimla arba'in da sunan kowa. Don haka in ka ji muryata a aljihun Baffa, kada ka ce aljanu ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gona ta goma sha tara da sunan Yaya Sha'aibu take. Shi ya zagaya iyakarta da waya, shi ya kawo ƙungiyar wurin kamfanin nan, kafin ranar da ya hau babur ya bi hanyar dajin Falgore, aka tsinci babur ba a tsince shi ba. Shekara huɗu ke nan. A gaban sunansa gurbi biyu ne kawai: yana raye, a kawo sabon hoto, ko ya rasu, a kawo takarda. Kullum na buɗe kwamfuta sai na ga fuskarsa da shuɗiyar rigar nan, gonarsa ja a gefe. Ba na iya karyawa sai na rufe shafin.

Abin da nake so: waken da ka noma a gonarsa ka ware shi, kada ya shiga na ƙungiya. In bai shiga ba, zan cire gonar daga kayan bana, ba wanda zai tambaye mu komai. Ka ji ko? Ka ware shi.

Ka gaishe da Inna, ka ce atamfarta na nan tafe.

Yayarka,
Husna

Doguwa
18 ga Nuwamba

Yaya Husna,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi in ba ta yi doguwar tafiya ba. Sanyi ya fara sauka, ke kuma kina can kina kukan zafi, Allah bai haɗa mu ba.

Takardarki ta kwana shida wurin mai shayi, don Ukasha ya manta bai aiko mini da saƙo ba. Ran da na karɓe ta, waken ya kwana uku a siton Tudun Wada. Kin san yadda muke yi. Kowa ya kawo nasa a auna, sai a juye duka a shimfiɗa ɗaya, mata su sheƙe, a ɗura a buhunan kamfani. Na gonar Yaya yana ciki. Yanzu ko wanda ya shuka shi ba zai iya nuna miki ƙwaya ɗaya ya ce tasa ce ba. Na karanta "ka ware shi" har sau biyu a rubutunki, na zauna a bencin mai shayi na rasa abin yi.

Aikin hoto kuwa na kusa gamawa. Talatin da ɗaya sun wuce. Baffa sai da ya sa babbar riga da rawani ya shiga gona, manhaja ta ce ba ta san shi ba, don a tsohon hoton kansa ba ko hula. Ya ce ashe ita ma ba ta da ladabi. Da muryarki ta kira shi washegari ta ce an tabbatar da shi, sai ya miƙe tsaye yana ta amsawa, "Madalla, 'yar nan, yaya Legas?" Har yanzu yana ƙorafin ba ki amsa gaisuwarsa ba. Kiran yakan kwana kafin ya shigo, saboda sabis ɗinmu kin san shi.

Mutane sun sa rai da kwantenar nan ƙwarai. Wasu sun ƙi masu saye na kasuwa saboda ita. Duk inda na bi tambaya ɗaya ce, yaushe mota za ta zo.

Inna tana nan yadda kika san ta. Tsohuwar wayar Yaya da ya bari a caji ran da ya fita tana kan kwallarta, duk sati biyu sai ta ba ni in sa mata kati don kada layin ya mutu. Bana ma ta sa na ware masa damin dawarsa a rumbu.

Maganar gonarsa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Allah ya kawo wata hanya da ban taɓa zato ba. Ba abin rubutawa a takarda ba ne. Ki dai riƙa duba kwamfutarki.

Naki,
Zayyad

Apapa
27 ga Nuwamba

Zayyad,

Salamu alaikum. Lafiyata lau, ko in ce ban sani ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yau da safe na buɗe kwamfuta na ga gona ta goma sha tara ta koma kore. Na danna. Yaya Sha'aibu ne tsaye a cikin karan wake, da shuɗiyar rigarsa, da hularsa mai karin nan na gefen hagu, rana a bayansa. Ƙasan hoton an rubuta ranar Talata, ƙarfe goma da minti bakwai. Talatar nan da ta wuce, Zayyad. Na ƙwalla ƙara har abokiyar aikina ta zubar da shayinta.

Ashe abin da kake nufi ke nan? Hanyar da ba ka taɓa zato ba, wadda ba a rubutawa a takarda? Na gane yanzu. Kana tsoron kada maganar ta fita, kada waɗanda suka riƙe shi su ji. Na yarda, amma ni ce fa. Sau goma sha ɗaya na kira ka ba ka ɗauka ba. Na ɗauko lambarsa zan kira, na kasa. Ina tsoron ya ɗauka, ina tsoron kada ya ɗauka.

Ya rame. Me suka yi masa? Yana cin abinci? Yana magana? Ya tambaye ni? Ka gaya masa aikin da ya matsa mini in nema shi nake yi har yau, kuma taswirar da ya zagaya da ƙafarsa ba a taɓa ta ba. Inna fa, yaya ta yi da ta gan shi? Ka kula da ita, farin ciki ma yana kayar da tsoho.

Na roƙi oga hutun sati ɗaya da zarar kwantena ta tashi. Ban danna amincewa ba tukuna. So nake in daɗe ina kallonsa kafin shafin ya rufe.

Ka kira ni ko da minti ɗaya ne.

Husna

Apapa
5 ga Disamba

Zayyad,

Ina fata kana lafiya. Ukasha ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka sa a aljihu ka juya ko godiya babu. Kwana takwas ba kira ba amsa.

Jiya na ƙara girman hoton har ya cika kwamfutar. Ina ta kallon fuska kwana bakwai, ban taɓa kallon hannu ba. Yaya Sha'aibu ba shi da kan ɗan yatsansa na hagu, injin casar masara ya cinye shi kana aji uku a firamare. Mutumin da ke cikin hoton nan yatsunsa goma cif.

Shekara uku rabona da kai. Na bar ka siriri ba gemu. Ban san ka zama shi ba.

Kwana bakwai ina da wa a raye. Na yi sadaka, na yi azumin godiya, na gaya wa matar da muke haya tare har ta taya ni kuka. Jiya ka sake ɗauke mini shi, kuma wannan karon na ga wanda ya ɗauke shi. Ban taɓa jin haushinka irin na yau ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ba zan danna amincewa a kan ƙarya ba. In Baturen ya gano, ba kwantena ɗaya za a rasa ba, sunan ƙungiyar gaba ɗaya zai shafe, namu kamfanin ya bi baya. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. A ina ka samo rigar? Cikin akwatin da ke ɗakin Inna take.

Ka ba ni amsa.

Husna

Doguwa
11 ga Disamba

Yaya,

Salamu alaikum. Ba zan ce muna lafiya ba. Jikinmu dai lafiya.

Ni ne. Duk abin da kika faɗa na karɓa. Cikin takardunki biyun nan, ta farko ta fi ta biyun zafi, don a ta biyun zagina kawai kika yi. Ta farkon na karanta ta a bayan masallaci, inda kike tambaya ko yana cin abinci, na kasa komawa gida sai da aka yi la'asar. Wallahi ban yi zaton ke za ki ruɗe ba. Manhaja na yi niyyar ruɗawa, na ɗauka kina ganin hoton za ki gane ni, ki yi tsaki, ki danna.

Ga yadda aka yi. Mutum talatin da shida sun yi kore, saura ɗaya, kuma ɗayan a gidanmu yake. A majalisa in na zo sai a yi shiru. Rannan matar Malam Buba mai faci ta gan ni daga baya a kasuwa ta saki kwanonta, ta ce ta ɗauka Sha'aibu ne. Daga nan abin ya shiga raina. Ran Talata Inna ta tafi suna, na buɗe akwatin. Rigar tana ƙamshin turaren da take sa mata. Na sa ta a gona, ta zauna mini kamar telan ni ya auna. Baffa ne ya riƙe wayar. Da na juyo sai ya yi salati, sai a karo na uku hoton ya fita. Manhajar ko gardama ba ta yi ba. Ita da ta ƙi Baffa saboda rawani, ni ta karɓe ni nan take.

Na san za a kira wayar Yaya. Na yi lissafin kiran yakan kwana, zan karɓi wayar da yamma in ce zan kai caji. To ran nan sabis ya ga dama. Kafin in iso gida Inna ta dawo, wayar ta yi ƙara a kan kwalla, ta farko a shekara huɗu, ta ɗauka.

Muryarki ta ji, Yaya. "Sha'aibu, an tabbatar da kai a gonarka yau. Mun gode."

Na same ta a tsakar gida ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce, "Husna ta kira. An gan shi a gona." Na ce Inna inji ne, ba Husna ba ce. Ta ce, "Ni za ka gaya wa muryar 'yata? Husna ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Rigar tana cikin buhu a bayan babur ɗina a lokacin. Na ga fuskarta, na bar rigar a buhun.

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta tafi gonar da wannan ƙafar tata. Tana ɗaukar fura a kwano ta zauna gindin ɗorawar da ke kan iyaka, ba ta dawowa sai azahar. Ta ce kunya ce ta hana shi shigowa gida, ko yana tsoron jawo mana wani abu, amma tunda ya fara zuwa gona zai ƙaraso. Wayar yanzu a haɓar zaninta take ɗaure, ko wanka za ta shiga sai ta rataye ta inda za ta ji. Ta hana ni gaya miki, wai ke kin riga kin sani, kina jiran lokaci ne. Ta yi ƙiba, Yaya. Tana dariya. Shekaranjiya na ji ta tana waƙar daka.

Ni kuwa na daina duba madubin babur. Na mayar da rigar akwati, amma ƙamshin bai bar jikina ba, ko ni kaɗai nake jinsa. In na kai mata ruwa gona sai in tsaya daga nesa in yi gyaran murya tukuna, don kada ta ɗago ta gan ni kwatsam.

Ki gaya mini abin da zan yi. Duk abin da kika ce.

Ƙanenki,
Zayyad

Apapa
18 ga Disamba

Ƙanena,

Wa'alaikas salam. Na karanta, na yi kuka, haushin ya tafi. Ni na zauna na karanta jimlolin nan ina jin daɗin muryata. Kai ka sa riga, ni na yi magana. Laifin namu ne mu biyu.

Na goge hotonka na gaya wa oga gaskiya. Ya yi faɗa iya faɗa, amma bai kore ni ba. Daga nan na je wurin wani malami a Agege. Ya ce shari'a ta san irin Yaya, sunansa wanda ya ɓace, ba a ce masa rayayye ba a ce masa matacce, alƙali yakan naɗa wakili ya kula da dukiyarsa. Ka ga ashe akwai gurbi na uku tun tuni, manhajar ce ba ta san shi ba. Ka ɗauki Baffa da mai unguwa ku je kotu a rubuta maka takardar wakilci, ka ɗauki hotonta ka turo mini.

Na rubuta wa masu manhajar su ƙara gurbin. Sun amsa da ladabi, sun ce shawara ce mai kyau, za ta shiga gyaran da za su yi nan da wata uku. Jirgi kuwa ran biyar ga Janairu zai tashi, dole takarda ta fita ran talatin ga wannan watan. Na kira ma'aikaciyar Baturen na yi mata bayani tun daga babur. Ta ce in zaɓi gurbin rasuwa, in maƙala takardar alƙali da bayanin gaskiyar abin da ya faru, za su karɓa. A takarda ba mu yi wa kowa ƙarya ba ke nan.

Saura abu ɗaya. Ina dannawa manhajar za ta kira lambarsa. Na nemi a kashe kiran, an ce ba ya kashuwa, don da shi ake hana a ƙwace wa manomi gona a ɓoye. Na koma na saurari jimlolin da na karanta. Ta talatin da huɗu ce. "An rufe rajistar wane saboda rasuwa. Allah ya jiƙansa." Na tuna ran da na karanta ta, yunwa nake ji, ina sauri in gama in je in ci abinci. Har cewa suka yi in maimaita don na yi sauri da yawa.

Ban san ya rasu ba, Zayyad. Ba wanda ya sani. Wani lokaci ina cikin mota sai in ga bayan wani a gada in ce shi ne. In na danna kuma wata rana ya shigo gida, da wane ido zan dube shi?

Kada ka sace wayar daga zaninta, an yi mata dabara ta isa. Ka gaya mata komai, rigar da hoton da kiran da ke zuwa. Ba zan danna ba sai da izininta. In ta ce a'a, na gaya wa oga a fasa, waken ya tafi kasuwar Dawanau a sayar yadda ya samu, ni zan zo in tsaya gaban mutum talatin da shida in ba su haƙuri. Ɗanta ne. Ita za ta faɗa.

Na so a ce ni ce a gabanta ba kai ba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Husna

Doguwa
2 ga Janairu

Yaya Husna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta kumbura, amma ta yarda an kai ta asibitin Tudun Wada an ba ta magani. Mota ta kwashe waken jiya, Baffa ya bi ta da addu'a har bakin titi. A waya "ta yarda" kawai na ce miki, don tana kusa. Ga sauran.

Kwana huɗu ina ɗauke da takardar alƙali a aljihu ina zagaya Inna. Ran Alhamis na ga ba sauran lokaci. Na san in da baki ne ba za ta yarda ba, tunda muryarki ta fi tawa ƙarfi a wurinta. Sai na sake ɗauko rigar. Na bar ta ta isa gindin ɗorawa ta zauna, na sa rigar da hular a bayan kara, na fito ta gabanta. Wannan karon ban yi gyaran murya ba.

Ta miƙe. Ban taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba. Ta yi taku uku, ta tsaya. Ba fuskata ta duba ba, hannuna ta duba, kamar ke. Na ɗaga mata shi na buɗe yatsun. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma ta zauna a hankali, ta jawo kwanon furar ta rufe shi da faifai.

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Husna ta san da wannan ran da ta kira?" Na ce ba ki sani ba, muryar tun watanni aka ɗauka. Ta ce, "To alhamdu lillahi." Wannan ne kawai ya dame ta ta tambaya.

Na yi mata bayanin gurbi biyun, da abin da alƙali ya rubuta, da cewa in ta ƙi ba wanda zai ga laifinta. Ta ce gida nawa ne ke jira. Na ce talatin da shida. Ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wanda matarsa ke da ciki, wanda rufin ɗakinsa ya yaye, duk ta sani. Sai ta ce, "Shi ya tara su ai. In ya dawo ya tarar saboda shi kayansu ya kwana, ba zai ji daɗi ba. Ku rubuta wa injin abin da yake iya ganewa. Allah ya san ni ban faɗa ba."

Na ce to ran Litinin da za ki danna, ta ba ni wayar in riƙe har kiran ya wuce. Ta ce a'a. Ta ce ta ji na farkon, za ta ji na biyun.

Ran Litinin ta yi wanka ta sa atamfar da kika aiko, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye wayar a gabanta. Ni da Baffa muna zaune. Ƙarfe sha ɗaya saura ta yi ƙara. Ita ta danna da kanta. Kin yi maganar a hankali, Yaya, ba ki yi sauri ba ko kaɗan. Da kika ce Allah ya jiƙansa, Baffa ya ce amin bai sani ba, ya kama bakinsa. Inna ba ta ce amin ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ce da wayar, "Na ji, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka." Ta san ba kya ji. Ta ce in gaya miki kada ki sa abin a ranki.

Maƙwabta sun fara shigowa da la'asar za su yi gaisuwa, ta ce ba a yi mata rasuwa ba, amma su zauna su sha ruwa. Suka zauna. Aka yi ta hirar sanyi. Ba ta sake zuwa gona ba. Jiya ta ba ni wayar in sa mata kati kamar kullum, na sa.

Yau da safe ina ɗaure buhu a babur na ji ana kallona. Na juya, tana bakin ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Zayyad, shekarunka nawa yanzu?" Na ce ashirin da shida da azumin nan mai zuwa. Ta yi lissafi da yatsu. Shi ma ashirin da shida gare shi ran da ya fita.

Ta ce, "Ashe baɗi za ka girme shi." Ta saki labule ta shiga ciki.

Ki zo hutun nan, Yaya, ko kwana biyu ne.

Ƙanenki,
Zayyad